Barcin Raƙiya a Saman Kaya

Shekara goma sha bakwai Raƙiya ta yi tana sarin cuku. A Affala aka haife ta, a Tawa ta yi aure, da mijin ya rasu ta kama hanyar arewa. Kowane mako takan hau bayan kat-kat, motar ratsa rairayi, zuwa kasuwannin Buzaye, ta dawo da kwanduna cike. Ba ta taɓa shiga gaban mota ba. Can saman buhuna take zama, inda ake kafa wa fasinja sanda tsakanin ƙafafu ya riƙe. Mutane sun ce rowa ce. Ba su san a gadonta ba ta runtsawa ba, juyi take har a kira salla. Amma mota na fara rawa cikin rairayi, barci ya kwashe ta. Sai ta yi dabara: ta zagaya ƙugunta da tsohon zane, ta ƙulle shi a igiyar kaya, ta lulluɓa mayafi kada a gani.

Ran da taya ta fashe motar ta kife, sauran fasinja watso su aka yi kan rairayi, suka tashi da ƙujewa, mutum ɗaya da karaya a hannu. Ita kuwa ta bi kaya. Cinya ta karye, haƙarƙari uku suka tsage. Direban, Souleyman, shi ya sa wuƙa ya yanke zanen kafin a jawo ta.

Mako bakwai ke nan tana kwance a gidan ɗanta Hamza, malamin makaranta, Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a can. Ta sa a juya mata katifa gabas, ta sa a mayar. Ko wace mota ta wuce sai ta faɗi ta wane ce. Hamza ya riga ya yanke magana: in tsautsayi ne, ta koma hanya bayan ta warke, in kuwa da sakacinta a ciki, an gama. Abu guda ya tsaya masa a rai: me ya sa ita kaɗai aka ciro ƙarƙashin kaya?

Ranar Juma'a da la'asar Souleyman ya zo dubiya da kankana. Ya durƙusa bakin ƙofa.

"Inna, ina jiki? Buzaye na cigiyarki, sun ce cukunsu ya yi maraici."

"Kai ka san maraici? Ka zubar da mu kamar gero, ka zo mini da kankana guda."

Suka yi dariya, har ta dafe haƙarƙari. Sai ga Hamza da kujera.

"Direba, kai ka ciro ta. Yaya ka iske ta?"

Raƙiya ta shiga gyaran bargon da ba ya bukatar gyara. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta raba mutumin nan da yin ƙarya. Ta bar shi ya yi ƙaryar.

"Buhu ne ya danne ta, Mushe," in ji Souleyman, idonsa a ƙasa. "Kowa na iya samun haka."

Hamza ya daɗe yana dubansa, sannan ya fita neman wuƙar yanka kankana.

Souleyman ya rage murya. "Na rufa miki, Inna, kuma ranar Juma'a. Amma ba ki ƙara hawa saman motata. Gaba, kusa da ni, ko babu."

"A gaba ba ni barci."

"To ki zauna ido biyu kamar kowa."

Ta juya fuska bango. Ta ji ya miƙe, ta ji yana neman takalminsa.

"Ɗan nan," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Almoustapha mai farar mota, har yanzu Talata yake tashi?"