Baƙo a Saman Bas

Bashiru mai faci yana tsugune yana neman hujin taya a cikin ruwa lokacin da Cecilia ta kira daga Fatakwal. "Baba Bashiru, Baba ya rasu da safen nan. Jikarsa na gefensa." Ya yi salati, ya zauna daɓas. Sai kuma ya tuno hirarsu ta ƙarshe, dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba, har mai tayar ya ja da baya.

Amininsa Baƙo Andrew, mahaifin Cecilia, ɗan kamasho ne a tashar Kontagora. Mutumin Tungan Magajiya ne, baki gare shi kamar rediyo. Abu ɗaya ke ci masa rai: jikarsa Success da ke Fatakwal ba ta jin Hausa ko kaɗan, sai Turanci. In an miƙa mata waya sai ta gaishe shi ta gudu. Baƙo ya rantse sai ya yi hira da yarinyar nan da bakinsa.

A kan fasinja ya fara gwajin Turancinsa. "Where you are going?" Wata malama ta ce ya sa are kafin you. Ya ce, "Yare ne ko riga, da za a sa shi a baibai?" Amma ya gyara.

Inda ya kafe shi ne on the bus. "Bashiru, shekara da shekaru ina lodi. Akuya ce on. Buhun masara on. Mutum in ne!"

Haka ya faɗa wa Success a waya: "I will come in the bus."

"On the bus, Grandpa!"

"I am goat?"

Yarinya ta fashe da dariya har waya ta faɗi. Tun daga ranar ita ke kiransa, tana gyara, shi yana ɓatawa da gangan. Ƙarshe ta kafe da kuka sai Grandpa ya zo.

Ranar tafiyarsa Fatakwal, Bashiru ya buga masa waya.

"Tsohon banza, kana ina?"

"I am on the bus!"

"Au, ka sallama ke nan?"

"Ina! Na iya, ɓoyewa nake. In na isa, in the bus zan ce mata, ta yi dariyar nan a gabana."

"To ka riƙe akuyar da kyau, kada ka faɗo."

"In na faɗo kai za ka yi min faci. Sai na dawo, Bashiru."