Wurare Huɗu da Munkaila Ya Shata da Alli

Duk wanda ya taɓa kawo mota garejinmu na bakin hanyar Doso a Dogon Dutsi ya san Munkaila mai wutar mota. Shi ne gajeren dattijon nan na gindin dogonyaro, mai guntun samfefa soke a naɗin hula. Ni kuwa Inusa ne mai fenti, taubashinsa, don uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yara a Matankari ba mu da aiki sai tsokanar juna. Yana ce mini mai yi wa gawa kwalliya, ina ce masa ɓera mai cin waya, har furfura ta riske mu a haka.

Da rediyon kakanmu ya fara. Ya kwance ta kaf, ya kasa mayarwa, ya sha bulala, washegari ya sake kwance ta. Daga baya ya bi wani direban babbar mota zuwa Sakkwato, ya yi shekara bakwai, ya dawo da akwatin kayan aiki da karatu guda ɗaya tak, wato mas. Ko fitila ce ta mutu ko oda ta shaƙe, kafin ya taɓa komai sai ya duba inda baƙar wayar batir ta kama jikin mota, ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari. Yakan ce ta waya wuta take fita, amma ta ƙarfen mota take komawa gida, kuma wannan hanya ita ce burtalinta. In ka toshe burtali shanu ba su kwana daji, gonar wani za su keta. Shekara talatin muna jin wannan huɗuba, har mun haddace ta.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya koma aiki da yatsa, kuma ba wanda ya yi magana, don yatsan nasa ya fi idon wasu.

Sai ga Ashiru, wani matashin dillalin shanu mai ƙaunar gudu, ya sauke mana gangar jikin wata mota daga Kwatano. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, gajera har cikinta na neman shafar ƙasa. Ba mu taɓa ganin irinta a garin ba. Wata takwas gareji bai da hira sai tata. Aka cusa mata inji wanda ya fi nata girma, har batir ya rasa wurin zama aka mayar da shi but. Aka ƙera mata salansa mai baki biyu. Munkaila ya ja mata sababbin wayoyi tun daga goshi har wutsiya, yana yi yana 'yar waƙa. Ni kuma aka ce in fesa mata ja ciki da waje, har ɗakin inji. Na yi kwana biyu ina kewaya ta don murna.

Kafin in fara, Munkaila ya zo da alli ya shata wurare huɗu: ɗaya a but kusa da batir, ɗaya a ƙashin mota gefen inji, biyu a bayan fitilu. Ya ce in liƙa musu salatif, kada fenti ya taɓa su, nan wayoyin mas za su kama. Da ya juya baya na tsaya ina kallon allin, raina na ɓaci. Aikin da ya fi kowane aiki a rayuwata, a ce in bar masa tabo huɗu kamar makero? Na sa tsumma na goge. Na ce a raina ai noti in ya ɗauru zai ciji ƙarfe da kansa. Na fesa shafi uku, ta fito tana ɗaukar ido. Sannan na yi kamar mai taimako, na ɗaura wayoyin da hannuna, wasar da ke ƙarƙashin noti ta rufe komai.

Da ya zo ya tambaye ni, “Inusa, ka bar min wurarena?”

Na ce, “Na bari.”

Ranar tayarwa kamar ranar kokowa. 'Yan kabu-kabu suka ajiye babura, mahauta suka baro nama. Ashiru ya shiga da sabuwar shadda, ya murɗa makulli. Motar ta yi nishi sau biyu ta yi shiru. Ya taka birki, sigina ta kama. Ya kunna fitila, ta yi ja kamar garwashin da ke mutuwa. Aka watse ana dariya.

Kwana uku Munkaila na kanta. Ya canza batir, ya kwance abin tayar da inji ya mayar, ya bi kowace waya da yatsa. Abu guda bai taɓa ba, karon farko cikin shekara talatin, shi ne mas. Mutane suka fara cewa ido ya tafi da gwaninta. Ashiru ya rantse in ba ta tashi ran kasuwa ba zai ɗora ta a babbar mota zuwa Yamai. Alhaji Is'haƙa mai gareji kuma ya faɗa a gaban kowa cewa in haka ta faru, gindin dogonyaro zai koma hannun mai sauran ido. Ni ina gefe ina wanke bindigar fenti wadda ba ta da datti. Tsoro nake ji da kunya, amma girman kai ya danne su duka. Ina ta faɗa wa kaina ba lalle fentina ba ne.

Ran kasuwa da hantsi Ashiru ya zo gwaji na ƙarshe. Ya murɗa ya riƙe, sai ga siririn hayaƙi daga wayar totur. Munkaila ya kai hannu, ta ƙone shi, ya janye yana yarfewa. Maimakon salati sai ya fashe da dariya. Ya ce ga gonar da shanu suka keta, wuta ta rasa hanyar gida ta bi wayar totur. Ya sa aka miƙo masa doguwar waya mai kauri, ya maƙala baki ɗaya a ƙafar batir, ɗaya a jikin inji, ya ce a murɗa.

Wallahi har yau ina jin ƙarar nan a ƙirjina. Motar ta yi ruri, kwanon rumfa ya amsa, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Mutane suka dawo a guje, ana tafi ana ihu, Ashiru na dukan sitiyari kamar ya haukace. Ni ma na yi tsalle, na manta ko ni wane ne.

Munkaila bai yi tsalle ba. Ya sa a kashe, ya sunkuya gefen inji, ya kwance noti, ya ɗaga wayar, ya shafa wurin da babban yatsa. Santsi ya ji. Ya ɗago fuska inda ya san nake tsaye. Ashiru ya tambaye shi mene ne ciwon.

Ya ce, “Mas ce. Ni ne ban duba ba.”

Alhaji Is'haƙa ya girgiza kai. Ya ce mutumin da duk Arewa ta san shi da mas, yau shi ya mance mas, to lalle lokacin hutu ya yi. Nan ne abin ya fi ƙarfina. Na ture mutane, na zare samfefar daga hular Munkaila, na durƙusa na hau kankare jan fentina. Ina kankara ina faɗa musu da ƙarfi cewa ya shata, ni na goge, ya tambaya, na yi masa ƙarya. Na bi wurare huɗun nan har kowanne ya yi fari tas. Ashiru ya zage ni, kuma na cancanci zagin. Munkaila ya ɗaure wayoyinsa, ya shafa giris a kai, motar ta tashi bugu ɗaya, fitilu suka haska ko da rana tsaka.

Kujera biyu ce, kuma Ashiru ya ce ta biyun ta Munkaila ce. Suka hau kwalta, kafin mu ƙifta ido sun ɓace, sai ƙara muke ji tana nisa. Da suka dawo Munkaila ba hula, iska ta tafi da ita, yana dariya har da hawaye, yana cewa a ƙara. Alhaji bai sake ta da zancen dogonyaro ba.

Da jama'a ta ragu na zauna kusa da shi. Na tambaye shi da zafin rai, don na fi iya faɗa da ban haƙuri, me ya hana shi duba mas tun ranar farko, shi da ke duba ta ko a keke.

Ya ce, “Ai kai kac ce ka bari.”

Yanzu idon ya kusa rufewa gaba ɗaya, amma yana nan gindin itacensa. Duk motar da na fesa ina barin wurarensa fari, in kama hannunsa in ce ya shafa ya ji. Ba ya yarda. Sai ya janye hannun ya tambaye ni ko na bari, in ce na bari, ya ɗaura notinsa.