Ɗigon Fa a Ƙasa Yake

Shekarun baya, lokacin ina aikin tuƙi a Riyadh, ɗaki ɗaya muke da wani abokina a unguwar Manfuha. Gadi yake yi, amma asalinsa mai zayyana ne, a hannun mahaifinsa ya koya. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya baje takarda, ya fere alƙalamin kara, ya yi ta ƙawata kewayen aya da jar tawada da ruwan ƙwai. Sai ya yi sati uku a kan guda ɗaya.

Ni kuwa da shegen baki na sa shi gaba. "Malam, wannan aikin kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa? Tashi mu je kasuwar Dira!" Har na fara jin kaina wani dillali.

Mai kantin tsarabar da muka je ya yaba, sannan ya ɗora yatsa a kan harafin fa. "Galaɗ, ya sadik. Kuskure ne." Abokina ya yi masa bayani cewa a rubutunmu na gida ɗigon fa a ƙasa yake, haka kakanninmu suka rubuta. Mutumin ya ce masu saye ba sa tsayawa jin tarihi, amma a bar masa ya gwada. Abokina ya kalle ni. Ni na ce a bar masa. Wallahi ni na ce.

Bayan wata huɗu muka koma. Tun daga ƙofa na hango zayyanar jere a bango, manya da ƙanana, cikin firam ɗin roba mai ƙyalli. Inji ne ya buga. Kewayen na abokina ne sak, har inda hannunsa ya ɗan karkace a kusurwa, amma an cire rubutunsa an sa na kwamfuta, ɗigo a sama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sun gyara ni." Wanda fasfonsa ke hannun kafili, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ina ya ga bakin kai ƙara? Daga ranar bai sake fere alƙalami ba.

Da zai koma gida gaba ɗaya, yayarsa ta bugo waya, wai ta ga wata zayyana mai ƙyalli da aka kawo wa maƙwabciyarta daga Saudiyya, irinta take so. Ya yi zumbur ya ce zai rubuta mata da kansa. Ta ce haba, ta hannu ai ko a gida akwai. Ni na raka shi kantin, ya saya, aka sa masa a leda.

Ya yafe mini tuntuni, amma har yau in na ga irinta a falon wani sai raina ya ɓaci. 'Ya'yansa uku, babu wanda ya koya wa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "In koya musu su yi wa wa?"