Ƙasar da Habu ya kai kotu a ƙwarya

Shekara goma sha biyu ke nan da motar haya ta kife da mu a hanyar Gezawa. Ƙanena Habu, lauyan ƙauyenmu, ya rasu nan take. Ni na tashi da ƙafa ɗaya.

Shi aka kai boko, ni aka bar wa jaki. Ban iya yabo ba, abin da ya yi kawai zan faɗa.

Wani kamfani ya zo da rani, an kwashe amfanin gona har kara, ya auna gonakinmu ya ce daji ne, ba mai shi. Ba mu da takarda. Gado ne, iyakarmu gamba ce. Magana ta kai kotu. Da sun ci shari'ar, sai dai mu tafi birni dako.

Habu ya ce, "Yaya, haƙo mini ƙasa ƙwarya biyu, ɗaya a gonarmu, ɗaya a fakon da ba a taɓa nomawa ba." Ya dire su gaban alƙali.

Lauyan kamfani ya yi dariya. "Barista, fura ka kawo mana?"

"Sa hannu ka dama," in ji Habu.

Ta fako ja ce, busasshiya. Tamu baƙa wuluk, da toka da gutsattsarin tukwane. Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan takin birni ne. Kakanninmu suka yi ta jido shi daga Kano a mangala bisa jakuna. Wa ke kai wa daji taki?"

Alƙali ya zo da kansa, aka haƙa a gabansa. Ya ce gona ce. Tun daga nan ƙauyukan maƙwabta suka daina tsoron kotu.

Yau birni ya matso, dillalan filaye suna yawo, wasu cikinmu sun sayar. Na san da Habu na raye zai ji ciwo. Amma zai ce da bakinsu suka yarda, ba wanda ya ƙwace, kuma a kan haka ya tsaya.

Bara wani dillali ya same ni ina shuka. "Baba, da ƙafa ɗaya? Sayar ka huta."

Na ce, "Ɗayar a gonata take a binne."

Allah Ya jiƙan Habu. Yana makabartar gabas da gari. Gero ya kewaye ta ko'ina, kuma duk namu ne.