Na Je Zariya Duba Wasan Zainabu

Ni ban yi boko ba. Binta matar autana ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya. Labarin na matan gidanmu ne da na maƙwabta, tunda kun hana ni sakat da tambaya.

Abin da ya tashe ni kun san shi. Hoto ne ya zo a waya: jikata Zainabu, mai karatu a jami'a a Zariya, tsaye a kan dandamali kusa da wani saurayi mai jaka. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai auren wasa aka ɗaura mata, wai abin da ake koya musu ke nan, wasan kwaikwayon Amurkawa. Ubanta, ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, ya ce ta tattaro kayanta ta dawo gida, shekara ɗayan da ta rage mata ya yafe. Na aiki matarsa ta gaya masa ya dakata, zan je in gani da idona, abin da na dawo da shi shi za a yi. Ya yarda.

Daga gida zuwa Kano

Mun fita tun kafin kiran assalatu, ni da Sale autana. A babur ya kai ni Gezawa, gero ya rufe hanya dama da hagu, raɓa ta jiƙa mini bakin zane. Can muka yi asuba, ya bar babur ɗin a wurin abokinsa, muka shiga motar Kano, aka matse ni tsakanin buhun barkono da wata mai goyo. Ina ta atishawa.

A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa da sassafe?"

Na ce, "Kallon wasa."

Ya dube ni, ya dubi carbina, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Direba bai daina dariya ba sai da na tambaye shi ko uwarsa na raye.

Na tambayi Sale ko ya san wasan Amurkawan nan. Ya ce ya sani mana, harbi ne da gudun mota. Na ce to ina saurayi mai jaka ya shigo? Ya ce wataƙila bindigar tana cikin jakar. Na ga shi ma bai san komai ba, na ƙyale shi.

Kano zuwa Zariya

A Yankaba muka sauka, adaidaita sahu ta kai mu tashar Unguwa Uku. Sale ya sayo shayi da burodi, na ƙi sha, na dama furata. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani a zuwana na ƙarshe, har na ce wa kwandasta ko a jirgi za a kai mu. Muka wuce Kura shinkafa shar, a Kwanar Ɗangora na sayi dafaffiyar masara wadda ba ta kai tamu zaƙi ba. Mota ta yi faci sau ɗaya. Azahar ta yi mana a Kwangila.

Masaukinmu gidan Hajiya Ladi ne a Samaru, 'yar garinmu da ke aure can. Ta yi tuwon masara miyar kuɓewa. Bayan la'asar Zainabu ta zo, da hijabinta har gwiwa. Na duba hannunta, na duba idonta, na shinshina kayanta lokacin da ta durƙusa gaishe ni. Ta rame, amma ban ga komai ba.

Ta ce, "Iya, kin zo kama ɓarawo ne? Da kin faɗa da na yi miki kwalliya."

Na ce ta bar surutu ta gaya mini abin da ake koya musu.

Ta zauna ta fara. Wai da can Amurkawa aron wasa suke yi daga Ingila, ko kuma su yi na hayaniya, mugu daban, na kirki daban, a ƙarshe a kama mugu kowa ya tafi gida. Na ce wannan ai shi ne wasa mai ma'ana. Ta ce to daga baya wasu marubuta suka ce a'a, rayuwa ba haka take ba, suka shigo da wasan cikin gida. Akwai wanda ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi, ubansa ma ɗan wasa ne, shi ya buɗe hanya, har ya rubuta ciwon gidansu, na uwarsa da ubansa da ɗan'uwansa. Akwai na kudancin ƙasar, mai rubuta matan da arzikin gidansu ya ƙare suna nan suna rayuwa da tunaninsa. Akwai mai rubuta uba da 'ya'yansa maza, uban da sana'a ta juya wa baya. Daga baya baƙaƙen fata, jikokin bayi, har da mace a cikinsu, suka ce su ma da nasu gidajen.

Na ce ta tsaya. Na farkon nan, asirin uwarsa ya tona?

Ta ce ba tonon asiri ba ne.

Na ce mutane sun ji abin da ke cikin ɗakin uwarsa?

Ta ce duniya ta ji.

"Aka yi masa me?"

"Aka ba shi lambar yabo."

Na dubi Hajiya Ladi, ta dube ni. Mu a nan wanda ya yi haka ko gaisuwarsa ba a amsawa. Na tambaya ko mugun fa, a wane wasan yake fitowa. Ta ce babu mugu, kowa yana da gaskiyarsa. Na ce to wa ake kamawa? Ta ce ba a kama kowa. Kaina ya ɗau zafi. Ta ƙara da cewa malaminsu ya sa su karanta waɗannan duka, sannan ya ce kowane rukuni ya shirya nasa wasan a kan irin wannan hanya, shi ne jarrabawarsu, kuma na rukuninsu ita ta rubuta. Ban riƙe wannan maganar da muhimmanci ba a lokacin. Ni saurayi mai jaka nake jira.

Ɗakin wasan

Washegari da hantsi aka kai mu. Rana tsaka aka kashe fitilu, na riƙe jakata da kyau. A kan dandamali ga tebur, ga kujeru, ga ƙofa tsaye ita kaɗai babu bango. Na ce wa Sale wa ya rushe musu gida? Ya ce haka ake yi, wai mu masu kallo mu ne bangon. Malaminsu ya fito ya yi dogon jawabi da Turanci yana kiran sunayen marubutan nan, ɗalibai na gyaɗa kai kamar ana ambaton waliyyai.

Aka fara. Duk da Turanci. Mutane na shigowa ta ƙofar nan ba sallama, alhali ga fili ko'ina da za su iya bi. Suka zauna cin abinci, na leƙa, faranti wayam, suna tauna iska. Suka yi faɗa, suka yi shiru, suka sake faɗa. Sale yana fassara mini a kunne, rabi ya sani rabi ƙirƙira yake yi, sai na ce ya rufe baki.

Ashe Zainabu ba amarya ba ce. Tsohuwa ta fito, an shafa mata hoda a gira, da rigar sanyi irin ta Turawa a kan hijabi. Saurayi mai jaka kuwa ɗanta ne, babban ɗa, zai bar gida neman aiki a wani gari. Na kafa wa hannuwansa ido tun daga farko har ƙarshe. Bai taɓa ta ba, ko gefen mayafi. Wannan ku riƙe, shi na je dubawa.

Amma tun ana tsakiya wani abu ya fara damuna. Tsohuwar nan tana dafa gwiwar hagu kafin ta miƙe. Tana yin gyaran murya sau biyu kafin ta yi faɗa. Kowa a gidan tana kallonsa ido da ido ban da babban ɗan. Shi in za ta yi masa magana sai ta gaya wa ƙanwarsa. Da ya fita ɗauko takalmi, ta yi wuf ta cusa wani ƙunshi a ƙasan jakarsa. Ya dawo zai yi sallama, ta juya masa baya tana goge farantin da babu komai a cikinsa, ta faɗi wata magana ga bangon da babu. Na ce wa Sale me ta ce. 

Ya ce, "Wai a ce wa wancan ya ɗauki bargo."

Yaron ya fita. Tsohuwa ta jira sai da kowa ya watse, ta je ta ɗora tafin hannunta a kan kujerar da ya tashi. Ta daɗe a haka. Aka kashe fitila.

Duk shekara in ɗana na fari zai tafi cin rani haka nake yi, har da tabarmar da ya tashi a kai. Na ɗauka babu mai ganina. Ban yi kuka ba, ku daina kallona. Haushi ne ya kama ni. Matar da ke gefena, wata mai gilashi da ban taɓa gani ba, tana ta sharar ido, ta juyo ta ce mini da Hausarta ta 'yan kudu, "Mama, uwata ce sak." Na so in ce mata ba uwarki ba ce, ni ce. 

A waje Zainabu ta zo da hodarta a fuska. Na ja ta bayan wata bishiya.

Ta ce, "Iya, ban kama sunan kowa ba."

Na ce, "Ba ki kama suna ba, kin kama gwiwata."

Ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta me ya sa mutane ke kuka, abin da na yi ai shi ne daidai, haka uwata ta yi wa yayana, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta rubuta, don su ma su sani. Na ce a cikin Amurkawan nan wa ya koya mata laɓe? Ta ce babu, tun tana 'yar ƙarama take ganina ta kafar asabari.

Komawa gida

Washegari muka kamo hanya. Har Kura ina ta juya abin. In asirina ne ta tona, ta yaya ya zama na uwar mai gilashi? In kuwa na kowa ne, me ya sa ni kaɗai na ji kamar an yaye mini zane? Har yanzu ban warware ba. Ban kuma gane dalilin ƙofa babu bango ba. Abin da na gane shi ne, yarinyar da ke da ido haka, in aka dawo da ita aka zaunar a tsakar gida, mu za ta ci gaba da kallo, kuma babu mai ba ta maki.

Magariba ta yi mana a Gezawa. Muna isa gida uban Zainabu ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata ta waje, matarsa ta shigo. Na ce ta gaya masa babu aure, babu wanda ya taɓa 'yarsa, sallarta a kan lokaci, ta ƙarasa karatunta. Ya ce a tambaye ni to a me ta fito a wasan.

Na ce, "Ki ce masa wata tsohuwar Ba'amurkiya ce mai taurin kai. Bai san ta ba."

Ya ce shi ke nan, Zainabu ta zauna a makarantar.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Ladi da tuwonta, da Sale duk da ƙaryar fassararsa. Ku kuma da kuka ji sauran, a ɗakin nan zai tsaya. Gidan nan da bangonsa.