Tsohon mai jita a guruf ɗin Islamiyya

Tun ina yarinya a Tudun Wada nake jin kiɗan Turawan Amurka da ake kira kantiri a rediyon Babanmu, amma sai da na samu babbar waya na ga fuskokin masu yin sa. Daga su wayar ta ja ni zuwa wasu tsofaffin baƙaƙen Amurka, hoto baƙi da fari. Wani na busa ƙaho har kumatunsa su kumbura, wani na kaɗa jita yana waƙa kamar wanda aka yi wa rasuwa. A tsakani sai a jefo min akuyar da ke suma in an tafa, ko mutumin da ke goga zarto kamar goge. Ina tsintar shinkafa ina kallo, sauti ƙasa-ƙasa. Yayata ta Kwangila kaɗai ta sani, ita nake tura wa.

Wata Laraba da hantsi na tura mata tsohon mai jita, har na rubuta, "Muryar nan ta fi ƙarfina." Sai da na ɗora tukunya na duba, ashe guruf ɗinmu na Islamiyya na WhatsApp na jefa shi. Ga shi ni aka zaɓa in buɗe walimar sauka da karatu ranar Asabar.

Nan take na danna gogewa. Ya ɓace. Na yi hamdala, na kira Yaya.

"Wanne kika danna, na kowa ko naki?"

"Ni dai goge na gani."

"To wa kanki kika goge, sarauniyar sauri. Yana nan a wayoyinsu, ke kuma ba ki da sauran hanyar taɓa shi."

Guruf ya yi tsit. Matan da ko tari aka yi sai sun ce sannu, babu wadda ta tanka. Na tuna wadda Malama ta cire bara saboda bidiyon rawar biki. A sallar azahar sai da na yi ƙabli, na kasa riƙe raka'o'i. Duk ƙarar waya sai in leƙa guruf.

Bayan la'asar na zura hijabi na tafi gidan Malama a Tudun Jukun. Na durƙusa a gefen tabarma, na fara neman afuwa. Ba ta bari na gama ba.

"Na gani. Me ya sami tsohon nan yake wannan kuka?"

"Matarsa ce ta hau jirgin ƙasa ta bar shi, Malama."

Ta ja carbinta.

"Allah ya ba shi haƙuri. Ke kuma kin san matsayina a kan kiɗa. Ba zan cire ki ba, amma ranar Asabar wata za ta buɗe. Ki zauna cikin mutane."

Na ce na gode. A zaure na sa takalmi na kama hanyar gida.