Malam Salifu da Tayoyin Ɗansa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Salifu, kuma har yau ina tambayar kaina: ranar da ya aika wa ɗanmu saƙo ta bakina, ya san ba za su sake ganin juna ba, ko kuwa ya ɗauka da sauran lokaci? Na tambayi liman, na tambayi likita, kowa ya ce Allah ne masani. Ni ma na san haka, amma tambayar ta ƙi barina. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma ina faɗa ina share hawaye.

Malam mai faci ne tun muna Zangon Kumasi. Da muka zo Manchester muka zauna a Moss Side bai sauya sana'a ba, sai dai ya samu shago da injin cire taya. Ya daɗe yana kula da tayoyin ƙananan bas-bas da ke kai tsofaffin unguwa wurin da suke wuni. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin, motocin suka tafi. Sai ya koma sayar da tayoyin gwanjo, don a shekarun nan mutane kaɗan ne ke iya sayen sabuwa. Wadda gefenta ya tsage ko zanenta ya cinye ba ya sayarwa, ko an roƙe shi.

Ba mutum ne mai yawan magana ba. Duk baƙon da ya zo mana da mota, in zai tafi, Malam zai ɗauki ma'aunin iska ya raka shi, ya durƙusa a kan kowace taya. Yakan ce iska da sanyin taya ake auna ta, kuma adadinta na rubuce a jikin ƙofar direba, amma ba mai dubawa. In motar cike take da yara da kaya, ya ƙara wa na baya. Rakiyarsa ke nan. Wanda Malam ya durƙusa wa mota, ya san yana cikin ransa.

Ɗanmu ɗaya ne, Razak. Ya samu aiki a Birmingham, ya kama gida a unguwar Balsall Heath, ya kuma ɗauki wata ɗabi'a: ranar Asabar sai ya kai motarsa filin tseren motoci, inda ake biya a yi ta zagaye da gudu. Wata rana daga filin ya zarce wurinmu. Da zai koma, Malam ya auna, ya ga iska ta yi ƙasa sosai a duka huɗun. Ya shafa tayar, ya ji kusan ba zane.

Ya ce, “Wa ya sayar maka da waɗannan masu sanƙon?”

Razak ya yi dariya ya ce, “Baba, sababbi ne fa. Haka ake yin na fili, in sun yi zafi kama ƙasa suke kamar danƙo. Iskar kuma ni na rage. In kana gudu taya na zafi, iska na ƙaruwa, dole ka sauke.”

“To da ta huce, wa ya mayar?”

“Na manta ne kawai.”

“Ka manta daga Birmingham har nan? In ruwa ya kwanta a hanya, ta ina zai fita a ƙarƙashin wannan?”

Nan Razak ya faɗi abin da bai kamata ba. Ya ce, “Baba, wannan ba facin bakin titin Kumasi ba ne.”

Malam ya miƙe. Ya ɗauko famfo ya cika tayoyin, ya shige gida. Daga ranar, in Razak zai tafi, a falo suke sallama.

Daga baya Malam ya bincika wurin wani Bature abokin sana'arsa, ya dawo ya ce mini yaron ya yi gaskiya a kan rage iska, haka masu fili ke yi. Na ce to ka faɗa masa mana. Ya ce gaskiyarsa a fili take, tawa a hanya, kuma a hanya yake zuwa mana. Bai faɗa masa ba. Shi ma Razak bai ba da haƙuri ba. Suna gaisawa, suna cin abinci a kwano ɗaya, amma ba a zancen mota. Aka fi shekara a haka, ni ina tsakiya.

Ciwon zuciya ya kwantar da Malam a asibiti nan Manchester. Wata Asabar da hantsi nas ta ja ni gefe ta ce in kira dangi. Ana ta ruwa tun safe. Na kira Razak, na ji ƙarar motoci a bayansa, yana fili. Ya ce, “Mma, ga ni nan yanzu-yanzu.” Malam na jinmu. Ya ɗaga hannu ya ce in gaya masa ya fara biyawa gida ya sa tayoyin hanya, ya mayar da iska daidai, sannan ya taso.

Razak ya ce, “Mma, ba lokaci!” Na ce saƙon babanka ne. Sai ya ce to.

Ya lallaba har Balsall Heath, ya ɗaga mota da jak a cikin ruwa, ya kwance huɗu ya ɗaura huɗu. Ya iso lafiya, rigarsa jiƙe, hannunsa baƙi ƙirin. Ya tarar an rufe fuskar babansa. Nas ta ce bai daɗe da cikawa ba.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da ya ga yau. Motoci yanzu da kansu suke kunna fitila in iska ta ragu, na san zai ce fitila ba ta durƙusawa ta duba ƙusa. An ce motoci masu lantarkin nan nauyi gare su, suna cin taya da wuri. Wannan kam zai so ya taɓa da hannunsa. Ramukan titin unguwarmu da aka bari tun shekarun tsuke aljihu suna nan, sun ma yi 'ya'ya. Shagonsa ya zama wurin aski.

Razak bai daina zuwa fili ba. Yanzu a bayan mota yake ɗaukar tayoyin fili, ya sauya a can, ya sake sauyawa kafin ya hau hanya. Bai taɓa tambayata me ya sa na isar da saƙon ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ko yana jin haushinmu ba. Wani lokaci nakan ce Malam ya hana kansa ganin ɗansa, ya hana yaron neman gafara, duk a kan taya. Wani lokaci kuma in Razak ya shigo da 'ya'yansa biyu suna ta surutu da Turancin Birmingham, sai in ga abin da Malam ya bari ke nan. Ba shago, ba gida, sai ɗa da ya iso da ransa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Ranar nan a asibiti, bayan na kashe waya, na faɗa wa Malam cewa Razak ya yarda, ya tafi sauyawa. Can na ga numfashinsa ya sauya, na sake lalubo wayar. Ya riƙe mini hannu ya ce, “Azumi, ajiye wayar nan. In kika sake kira, gudu zai yi. Bar shi ya taho a hankali.”